Da Mutum a Maƙogwaro

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, samari huɗu suka tsaya rumfata a Isa don in ƙara musu iska. Kekunansu irin na yanzu ne da ake shigowa da su ta Maraɗi, masu giya gaba da baya, tayoyi masu haƙora kamar na tarakta, kowa da hular roba kamar an kife masa ƙwarya. Daga tafkin garinmu suke. Wai sun je motsa jiki, sun bi hanyar dutse, sun ɗauki kansu hoto da waya. Babbansu ya sunkuyo kunnena na dama ya ɗaga murya, ko da yake rabin Isa ta san yanzu babu buƙatar haka.

"Baba Kurma, ashe ita ta hanyad da ku ka ba mu tsoro da ita? Wallahi ko zuhwa ban yi ba!"

Na ce masa madalla. Na tambaye shi me ya ɗauko a bayan keken. Ya nuna mini gorar ruwa.

Don su da ire-irensu na zauna rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da abin da aka gani. Za ni faɗi yadda muka yi sana'ar kai kifi a kan keke ta hanyar nan, kuma za ni faɗi laifina a cikinta, don ba su rabuwa. Sunana Nomau. Kurma laƙabi ne, kuma ƙarya ne. Kunnuwana biyu lafiyarsu lau, ko ɓera ya taka buhu a rumfa ina ji. Na fi shekara talatin riƙe da ƙaryar nan, kuma mutum ɗaya ne a duniya ke da ikon yafe mini ita, maigidana Baba Arzika.

Kayan farko da Baba Arzika ya ɗaura mini ba kifi ba ne, yashi ne. Ina da aure a lokacin, gona ta ƙi, na je na durƙusa masa ya koya mini hanya. Ya cika kwanduna biyu da yashi, ya ɗaure su a kariyar tsohon kekensa, ya ce in tura zuwa kan dutse in dawo. Wata guda na yi ina turawa, ban ɗora ƙafa a feda ba. Wata na biyu ya sauke yashi ya ɗaura jarka biyu, kowace ruwa rabi. Na ce, Baba, ai gara a cika su. Ya ce:

"Cikakka ba ta motsi. Kihi ko na motsi, sakarai."

Gaskiyarsa. Masunta na fitowa daga tafki bayan sallar asuba, mu kuma aikinmu kifin ya isa Isa ko Bafarawa kafin rana ta yi zafi. Karfasa ba ta da matsala, ta mutu ta kwanta. Tarwaɗa kuwa ba ta mutuwa don an fitar da ita ruwa. Tana nan lamo a ƙasan kwando sai ka shiga kwana, gangare na hagunka, sannan ita da 'yan uwanta su tuna da gida su yi birgima gaba ɗaya. Idan ba ka saba da ruwan rabin jarka ba, za ka raka su. Shi ya sa ake jera ta ƙasa, a danne da jiƙaƙƙiyar ciyawa, a ɗora karfasa sama, a rufe da buhun da aka tsoma a ruwa, a ɗaure da robar tsohon tif. Igiya ba ta yi, tana sakewa in ta bushe.

Keken kansa baƙin ƙarfe ne irin na da, mai sanda, giyarsa ɗaya, wato cinyarka. Kariyar kamfani ba ta ɗaukar kayanmu, sai maƙeri ya ƙera wata. A jakar da ke rataye a sanda akwai famfo, sifana biyu, faci, sholisho, kotar feda ta ajiya, da ƙaramar guduma. Kafin hawa dutse ana rage wa taya iska har babban yatsa ya ɗan nutse, in ba haka ba keke ya riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Burkin gaba Baba Arzika kwance shi yake yi wa duk wanda ya koya wa aiki, ya sa a aljihu. Ya ce hannun sabon shiga ba ya shawara da kansa. Da burkin baya ake sauka, da dugadugan takalmin taya. Na cinye takalma a gangaren nan fiye da yadda na cinye riguna a rayuwata.

Wata rana na yi faci sau uku tsakanin tafki da gindin dutse, sholisho ya ƙare. Na zauna ina kallon kifi, kifi na kallona. Baba Arzika ya iso, bai ce mini sannu ba. Ya zare tif ya jefa mini, ya yi ta cusa ɗanyar ciyawa cikin taya yana dannawa da ƙotar guduma har ta yi tauri. Haka na shiga Isa, keke na tafiya kamar gurgun jaki, mutane na dariya, amma kifi bai yi wari ba.

Hanyoyi biyu ne daga tafki. Ta ƙasa tana zagaye ruwa, mai faɗi ce, sai dai yashi da nisa. Ta dutse gajera ce, tana hawa ta bi ƙugun tudu, ruwa na can ƙasa hannun hagu in kasuwa za ka. A tsakiyarta akwai wurin da muke kira Maƙogwaro. Faɗinsa bai fi tabarma ba, dutse a dama, gangare a hagu, ga shi ya lanƙwashe yana bin bakin tafki, wanda ke wannan baki ba ya ganin na wancan. Keke biyu masu kwanduna ba su giftawa a ciki. Na taɓa jin samarin nan suna cewa nan ne ya fi daɗin hoto.

Dokar wurin kalma biyu ce. In ka iso baki, ka sauke ƙafa ƙasa, ka yi kira da ƙarfi: "Da mutum?" In akwai wani ciki, ko daga wane ɓangare ya shigo, sai ya amsa: "Da mutum!" Kai kuma ka jira har ya fito, ko da kifinka zai ruɓe. In shiru ne bayan kira uku, ka shiga kana kaɗa ƙararrawa. Wahalar ita ce dutsen ma yana amsawa. Kai ka ce da mutum, shi ma ya ce da mutum. Sabon shiga ya kan tsaya rabin awa yana jiran muryar kansa ta fito. Baba Arzika ya kai ni wurin ran da ba kasuwa, ya shiga ciki, muka wuni muna kira.

"Saurara da kyau, Nomau. Dutse na amsawa nan take, kuma tambaya shi ka maido maka. Mutum sai ya ja numhwashi, kuma muryatai ƙasa ta ka sauka. Ka ji bambanci?"

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa. Babu wanda ya kai ni kunne a cikin masu keke goma sha wani abu da ke bin hanyar. Hukuncin wanda ya ji amsa ya shiga shi ne a cire masa ƙararrawa a gaban Sarkin Ruwa, a raba shi da hanyar har abada. Ban taɓa ganin an yi wa kowa ba, don ba a taɓa samun wanda ya yi ba.

Mai sayen kifin da kowa ke so a Isa ita ce Hajiya Tumba mai tuya. Ba ta ciniki mai tsawo, ba ta tsince manya ta bar maka ƙanana, kwando biyu take juyewa gaba ɗaya. Amma na wanda ya fara isowa kawai. Na biyu ko ɗan da ta haifa ne sai ta ɗaga kunnen kifi ta leƙa ta ce, "Wanga ya kwana," alhali ruwan tafki bai bushe a jikinsa ba. Wanda ya rasa ta sai ya zauna a rana yana korar ƙuda yana sayar da ɗai-ɗai. Da na ƙware, na fi kowa riskar ta. Na fara sa hula a karkace. Na mayar da burkin gaba ban gaya wa maigidana ba.

Sai shekarar da ruwa ya cinye hanyar ƙasa. Damina ta yi yawa, gulbi ya haɗe da tafki, gonakin fadama suka nutse da gero tsaye. Garinmu ya zama ba shiga ba fita sai ta dutse. Kifi ya yi yawa har ba a san yadda za a yi da shi ba, hatsi kuwa babu. Masu keke muka koma sawu biyu a rana, a tafi da kifi a dawo da abin da aka samu. Mata da tallan nono, masu jakai, masu kai mara lafiya, kowa Maƙogwaro. Wani lokaci ka yi kira a amsa, wancan ya fito, ka sake kira a sake amsawa, rana na hawa, wari na fara tashi a bayanka.

Ran da abin ya faru na makara, don sarƙa ta tsinke mini a bakin ruwa. Na san mutum biyu na bayana suna ɗaure kaya. Na iso baki na sauke ƙafa na yi kira. Dutse ya amsa. Sannan aka ja numfashi, murya ta zo daga hagu, mai kaushi, wadda zan gane ko cikin kasuwa: "Da mutum!" Na sake kira, ban san dalili ba, wataƙila ina fatan ya canza magana. Ya sake amsawa.

Ga abin da na lissafa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bara. Na ce Baba Arzika ne, ya kai sawun farko yana dawowa, kwandunansa wofi. Zai jingina da dutse in wuce, ya zage ni da yamma, in ba shi goro. Na ɗaga ƙafa na shiga.

Ba wofi yake ba. Buhun gero ya ɗauko a gicciye, na gidaje uku. Muka yi ido biyu a lanƙwasa, tsakaninmu bai fi tsawon keke biyu ba. Na damƙe burkin gaba, baya ya ɗaga, tarwaɗa suka yi nasu aikin. Da ya tsaya inda yake, ni zan tafi ƙasa. Sai ya karkatar da kan kekensa damansa, wajen gangare, ya ba ni dutse, buhu ya ja shi ƙasa. Na ji ƙarfe na bugun duwatsu har ƙasa. Masunta ne suka ɗauko shi da jirgi, ƙugu a karye, gwiwa a juye. Geron ya zama na kifi.

Da la'asar aka taru ƙofar Sarkin Ruwa, shugaban masunta, wanda shi ke raba rigimar duk abin da ya shafi tafki. Mai ɗori ya riga ya ɗaure Baba Arzika da karare, an kwantar da shi a zaure yana jin komai. Sarkin Ruwa ya ce:

"Nomau, ka yi kira?"

"Na yi, ranka shi daɗe."

"Arzika ya ce ya amsa har sau biyu."

"Ban ji ba."

"Ƙaƙa ba ka ji ba? Kai da anka ce kana jin tahiyat tururuwa?"

Ban shirya ba, bakina ne ya yi gaba. Na ce kunnena na hagu ya mutu tun zazzaɓin da na yi da bazara, kunya ta hana ni faɗi. Kowa ya san amsa daga hagu take zuwa. Wani masunci mai wayo ya zagayo bayana a hankali, ya kawo baki kusa da kunnen ya yi raɗa: "Nomau, ga kunama bisa wuyanka." Na tsaya ƙyam ina kallon Sarkin Ruwa, wuyana na ƙaiƙayi kamar zan mutu. Masuncin ya ce, "Wallahi kurma na." Daga zaure Baba Arzika ya ce a bar ni, ƙaddara ce.

Ba a cire mini ƙararrawa ba. Amma tun da kurma ne ni, aka yanke cewa ba zan ƙara shiga Maƙogwaro ni kaɗai ba, sai na jira wani mai kunne ya yi kira ya shige gaba, in bi bayansa. Daga ranar ban ƙara zama na farko wurin Hajiya Tumba ba, ko sau ɗaya. Shekara tara ina isowa na biyu tana ɗaga kunnen kifina.

Kurumta aiki ce, ku samari, ta fi hawan dutse. Kullum sai ka tuna ka juya kai. A masallaci ka zaɓi gefe. In an kira ka ta hagu ka ci gaba da tafiya, ko da abinci ake kiranka. Na ji dillalai na shirya yadda za su danne ni suna tsaye hagu da ni, na yi amfani da abin da na ji, wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara. Na ji yadda surukaina ke ɗaukata. Matata, Allah ya ji ƙanta, ta kan zauna haguna ta faɗi duk abin da ke ranta a kaina, sannan ta zagayo dama ta ce, "Malam, a kawo hura?" Da Baba Arzika ya tashi da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce, ya aika har Nijar aka kawo mini wani maganin kunne a kwalba. Shi da kansa ya ɗiga mini a gaban mutane. Kwana uku kunnen na zafi kamar an zuba barkono, na ji tsoron kada maganar ta zama gaskiya.

Bai sake hawa keke ba. Ya koma gyara a gindin tsamiya. Da babura suka yawaita, masu kuloli cike da ƙanƙara suka karɓe kifi, sana'armu ta mutu, shi ya kira ni ya koya mini ɗaurin sifok da gyaran boris, ya raba kayan aikinsa biyu ya ba ni rabi. Gudumar da nake aiki da ita yau tasa ce. Sau uku a shekarun nan na sayi goro na tafi in faɗa masa. Sau uku muka yi hirar tsadar taya na dawo.

Da daji ya ɓaci, yawancinmu muka taso Isa. Shi yana gidan haya da ɗansa ya kama masa, irin gidan da katanga ba ta kai kafaɗa ba, maƙwabta ko'ina. Ni kuma na yi ta zagaye layin, har shekara huɗu ban leƙa ba. Bara da azumi malamin da ke tafsiri a unguwarmu ya yi magana a kan hakkin mutum, cewa ba a yafe shi sai mai shi ya yafe. Ba sabuwar magana ba ce, sai dai a makon na ji an ce jikin Baba Arzika ya yi rauni. Bayan salla da kwana biyu, da la'asar, na tafi.

Na same shi a zaure kan buzu, ya rame, sanda a gefe. Ya gane ni, ya yi murna. Na durƙusa na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, na taho da magana."

"Mi?"

Na ƙara murya. Ya kanga hannu a kunne ya ce, "Mi kac ce?" Sai na gane. Ba wanda ya gaya mini, don wa zai kai wa kurma labarin kurumta. Na matsa dama, na matsa hagu, duk ɗaya. Na ce tun da na zo ba zan koma da ita ba. Na cika ƙirji na yi irin kiran da ya koya mini:

"Baba! Ranan nan ga Maƙogwaro! Na ji ka! Sau biyu na ji ka! Kunnena lahiya lau shi ke!"

Ana daka a gidan maƙwabta, aka daina. Wani rediyo ma aka kashe shi. Baba Arzika ya kalli bakina, ya yi murmushi.

"Maƙogwaro? Awo, Maƙogwaro." Ya kamo hannuna da nasa biyu. "Gwamma da kat taho, Nomau. Ni ad da magana. Tun da kunnuwan ga sunka mutu nis san abin da ka ka sha. A yi ta yi maka magana kana kallo kamar tunkiya. Ni ko, Allah na gani, cikin raina na zarge ka. Shekara da shekaru, in ƙahwag ga ta tashi ciwo, sai in ce ƙila yaron ga ya ji ni. Ban hwaɗa ma kowa ba. Ka yahe min."

Labulen cikin gida ya ɗaga. Inna Kulu ce, matarsa, wadda ta yi jinyarsa wata bakwai a wancan lokaci, ta yi ta surfe a gidajen mutane har ya tashi. Ita kaɗai yake gane maganarta, bakinta yake kallo. Na juya gare ta a durƙushe.

"Inna, don Allah ki hwaɗa mai. Ke shi ka ganewa."

Ba ta ɗaga murya ba.

"In hwaɗa mai mi? Mutum na shirin gamuwa da Ubangijinai da zuciya wankakka, kai ka gaji da kayanka ka taho ka aza mai? Da yana ji, ina kake? Ni ba ni hwaɗi. Kuma in ka samo wani yak kwatanta mai da hannu, ban yahe ba."

"Inna, to ni ƙaƙa za ni yi?"

"Ba kai ka ɗaukar kaya ba? Ɗauka."

Baba Arzika na nan riƙe da hannuna, yana duban ta yana dubana. "Kulu, mi yac ce? Ya yahe?"

Ta nuna mini shi da haɓa. "Amsa mai. Shina jiranka."

Na ɗaga kai na sauke, sau biyu, don ya gani da kyau. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake ni, ya jingina da bango kamar wanda aka sauke wa buhu, ya ce a kawo wa Nomau ruwa. Ta kawo. Na sha.

Da na fito, wata tsohuwa maƙwabciyarsu na tsaye bakin ƙofarta da taɓarya a hannu. Ta bari sai da na gifta, ta yi mini sannu ƙasa-ƙasa, ta hagu. Na ce yauwa, sannu Inna.